Bindigar da Suweiba Ta Zaɓa wa 'Yarta

A makarantar firamaren da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Abbey Wood a Landan, yara suna kiran Suweiba Lawal da Miss Sue. Shekara goma sha shida ke nan tana aiki a kicin ɗin makarantar, tana feraye dankali, tana zuba wa yara abinci, tana goge tebura. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Cikin matan da suke aiki tare babu wadda ta san cewa kafin ta zo Landan 'yar sanda ce a Kaduna, kuma shekara tara ta yi a ɗakin ajiyar makamai tana kwance bindigogi, ta goge su da mai, ta mayar.

Ba ta taɓa harbin mutum ba, amma ta ga gawarwakin da harsashi ya bari, kuma ta ƙoshi da gani. Shi ya sa da mijinta Muhsin ya samu gurbin karatu a Ingila, ta ajiye kaki ba tare da wani dogon tunani ba. Ranar da ta fara ganin ɗan sanda a unguwar Stratford yana tafiya ba bindiga a ƙugunsa, tsayawa ta yi tana kallonsa, sai da Muhsin ya ja hannunta.

A nan suka haifi 'yarsu tilo, Katumi. Yarinyar na da shekara goma sha biyu ciwon hanta ya ɗauke Muhsin, Suweiba ta ci gaba da riƙe ta ita kaɗai a flat ɗin da council, wato ƙaramar hukuma, ya ba su a hawa na uku na wani bene. Katumi ta tashi tana jin Hausa tana mayar da amsa da Turanci, sai da ta girma ta fara ƙoƙarin yi, tana yi tana dariyar kanta. Ta karanci aikin jinya. A wani biki a unguwar Croydon ta haɗu da Jamaldeen, wanda ya zo daga Houston ta Amurka inda yake aiki. Da ya zo gaisuwa har ƙasa ya durƙusa, ya kira Suweiba Mama. Ta ji ya kwanta mata a rai, ta sa albarka, ranar da 'yarta za ta tare a Houston ta raka ta filin jirgi tana kuka tana murmushi.

Shekara huɗu auren ya yi. Katumi ba ta faɗa wa uwarta yana dukanta ba sai bayan ta kwashe kayanta ta kama wani gida ita da 'yarta Nimatu. Kotu ta raba su, ta hana Jamaldeen zuwa kusa da ita, amma kuma ta ce ba za a fitar da yarinyar daga jihar da suke zaune a Amurka ba sai da yardar ubanta. Shi kuwa bai daina bin ta ba. Takan hango motarsa a wajen asibitin da take aiki. Sau biyu ta fito ta tarar an fasa mata taya.

Wata Asabar da la'asar Suweiba na tsintar wake wayarta ta yi ƙara.

"Mama, ina so ki taimake ni da wani abu. Kada ki yi faɗa."

"Ina jin ki."

"Zan sayi bindiga. Ƙarama, wadda zan riƙa ɗauka a jikina ba wanda zai gani. A nan doka ta yarda. Ban san komai a kanta ba, ke kin sani."

Suweiba ta ajiye tiren waken a ƙasa. "Ban sani ba. Na manta. Ki tattara ki dawo gida, yau ɗin nan zan yi miki booking ɗin jirgi."

"Ba zan iya fita da Nimatu ba, kin sani. In bar masa ita?"

"To ki koma wajen 'yan sanda."

"Na je sau uku, Mama. Kafin su zo ya tafi."

"Ban haife ki a ƙasar nan don ki riƙe wannan abin ba," in ji Suweiba, ta kashe wayar.

Mako uku suka yi a haka. Suna gaisawa, Nimatu tana nuna wa kakarta zanen da ta yi, amma da Katumi ta ɗauko zancen sai Suweiba ta ce tukunya na kan wuta. Sai wata rana Katumi ta turo mata hoto ba tare da ta rubuta komai ba. Hoton gadonta ne, a tsakiyarsa wata 'yar tsana mai jan riga. Suweiba ta san 'yar tsanar, ita ta saya wa Nimatu, kuma ta san tun rabuwar a gidan Jamaldeen aka baro ta. Ya shiga gidan ke nan Katumi na wajen aiki, ya ajiye ta, ya kulle ƙofa ya fita.

Suweiba ta daɗe tana kallon hoton a ɗakin sauya kaya na makaranta. Sannan ta rubuta: "Idan kin je shagon ki kira ni."

Wata abokiyar aikin Katumi mai suna Scholastica, 'yar Enugu, ita ta kai ta shagon sayar da bindigogi, ita kuma ta riƙe wayar don Suweiba ta riƙa gani. Mai shagon ya jera bindigogi uku a kan gilashi. Ya fara tura wata 'yar mitsitsiya mai ruwan hoda, ya ce ita mata suka fi so.

"Ce masa ya ɗauke wannan," in ji Suweiba. "Ba jan baki kika je saye ba. Wadda ta cika ƙanƙanta ta fi dukan hannu, za ki ji tsoronta, ba za ki koya ba. Ɗauki ta tsakiyar."

Katumi ta ɗauka da 'yan yatsu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera.

"Riƙe ta sosai, da hannu biyu. Juya bakinta bango, kada ki ƙara nuna ta inda mutum yake. Yatsunki sun zagaye ta?"

"Sun zagaye."

"Ɗaga ta, ki tsaya a haka. Ta yi miki nauyi?"

"Kaɗan."

"Gwada ɗayar."

Ta ukun ta fi ƙarfin tafin hannunta, domin hannun Katumi ƙarami ne irin na ubanta. Suka koma kan ta tsakiyar, baƙa, marar ado. Suweiba ta ji muryarta ta koma irin ta da, ta mai kaki, kuma ba ta ji daɗin yadda komai ya dawo mata a take ba. Ta ce kada a sa ta a jaka, inda Nimatu ke lalube neman alewa. Ta ce a sayi akwati mai makulli na gida, kuma Katumi ta je wajen masu koyarwa ta yi ta zuwa har hannunta ya saba da ita.

"Sannan ki ji ni da kyau, Katumi. Wannan ba abin tsoratarwa ba ne. Ranar da kika fito da ita, wani zai iya mutuwa. Idan akwai hanyar gudu, ki gudu."

"Na ji, Mama. Na gode."

Bayan sun yi sallama Suweiba ta zauna a kujerar kicin har aka kira magariba a wayarta. Tun daga ranar, duk sallar da ta yi sai ta roƙi Allah ya sa bindigar ta tsufa a akwatinta ba a taɓa bukatarta ba.

Wata biyar ba abin da ya faru. Ranar wata Talata a watan Maris, an gama ba yara abincin rana tana wanke manyan tukwane, sai ga kiran Scholastica. Ta ɗauka da jiƙaƙƙen hannu.

"Mama Katumi, ki zauna."

"Tana da rai?"

"Tana da rai. Nimatu ma lafiya, tana makaranta."

Scholastica ta ce Katumi ta kai yarinyar makaranta ta dawo, tana tsayar da mota a gaban gida Jamaldeen ya fito daga bayan wata mota da ƙarfe a hannu. Ya riga ya tare mata hanya da motarsa tun kafin ta lura. Ya fasa gilashin, ya kama gashinta yana jan ta waje. Ta harba sau biyu. Bai kai asibiti ba.

Suweiba ta ce Alhamdulillahi, sai kuma ta ji abin da ta faɗa, ta ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Matan kicin suka zagaye ta suna tambaya, ta kasa haɗa musu Turancin.

Kyamarar tsaro da ke ƙofar gidan ta ɗauki komai. Bayan watanni ana bincike aka ce kare kanta ta yi, ba za a gurfanar da ita ba. Cikin wannan jiran ne mahaifiyar Jamaldeen ta kira Suweiba daga Kano. Suweiba ta shirya jin zagi. Matar ba ta zage ta ba. Cewa kawai ta yi, "Hajiya, shi kaɗai gare ni," sannan ta yi ta kuka. Suweiba ta riƙe wayar a kunne har matar ta gaji ta kashe.

A watan Oktoba Katumi ta dawo Abbey Wood da Nimatu da akwati biyu. Ta rame har wuyanta ya fito. Ba ta koma aikin jinya ba, ta ce ba za ta iya ganin jini ba tukuna. Idan maƙwabci ya buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura ta riƙe bango. Duk ranar Alhamis Suweiba kan nemi izini a wajen aiki ta raka ta wurin likitar da take sauraronta, ta zauna a waje tana jan carbi.

Wata rana suna dawowa a bas, Katumi na kallon taga, ta ce, "Da kin ci gaba da ƙi, Mama, da ban saya ba. Ba zan iya shiga shagon nan ba tare da ke ba."

"Na sani," in ji Suweiba. "Da na ci gaba da ƙi, da ke aka kawo mini a akwati."

"Na sani."

Bas ta tsaya kusa da gida, suka sauka.

An sa Nimatu a makarantar da kakarta ke aiki. Shekararta biyar, kuma ba a faɗa mata komai ba sai cewa babanta ya yi tafiya. Sau biyu tana kan layin abinci ta tambayi Suweiba, gaban sauran yara, yaushe zai dawo. Da aka yi hutun ƙarshen shekara uwa da 'ya suka yanke shawara ba za su ƙara ja ba. Ranar Lahadi da hantsi suka zaunar da ita a tsakaninsu, Katumi ta riƙe hannunta ta ce babanta ya rasu, ba zai dawo ba.

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi kakarta. "Ciwo ya yi?"

Suweiba ta buɗe baki za ta ce eh, don a wuce wurin. Katumi ta riga ta.

"A'a, ba ciwo ba ne. Idan kin ƙara girma zan faɗa miki duka. Ni da kaina zan faɗa miki, ba wani ba."

Nimatu ta tambaya ko za ta iya ajiye hotonsa a ɗakinta. Katumi ta ce za ta iya. Suweiba ta tashi ta shiga ɗaki, ta jawo jakar da ke ƙarƙashin gado, ta fara neman hotunan bikin Katumi da Jamaldeen.