Tafiyar Bakin Teku Zuwa Kwatano

Ina gyaran wake a tsakar gidanmu na unguwar Alabar sai babbar 'yata ta dawo daga aiki, ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Mma, hutun nan mota za mu ɗauka mu bi bakin teku, mu ƙetare iyaka a Aflao, mu kwana Lome, mu wuce Kwatano wajen yayarki." Ta yi ta nuna mini hotunan itatuwan kwakwa a wayarta.

Na ajiye waken. Mu a zongo ba ma tafiya don kallon ruwa. Kuma na san yadda muke yi: in mutum ya rasu a nesa, ba a faɗa wa nasa kai tsaye, sai a ƙirƙiro masa tafiya ya ji a ƙofar gida. Haka aka kai mahaifiyarmu Tamale da ƙaninta ya rasu.

Na dubi idon yarinyar, bai yi ja ba. Na tambayi ƙaninta, ya yi dariya, dariyar ma ban yarda da ita ba. Washegari na ce wa 'yata a hankali, "Kira mini Yaya in ji muryarta."

An daɗe ba a ɗauka ba. Can sai ga Yaya: "Matsoraciya, kin yarda za ki hau motar? Ki taho mini da zane daga kasuwar Kejetia!"

Na ce, "Yaya, lafiyarki ƙalau?"

Ta ce, "Ƙalau. Ke dai kada ki yi wa yarinya amai a mota."