Ɗanmalam Mahauci da Tukunyar Makarantar Coci

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kibiya ya san rumfar Ɗanmalam, in bai san sunansa ba ya san ƙamshin balangunsa. Mahauci ne ɗan mahauci, gajere, mai yawan faɗa da ƙuda da kuma masu latsa nama ba su saya ba. Bai taɓa zama a ajin boko ba ko na wuni ɗaya, kuma jam'i ba ya wuce shi a masallaci. Amma yau in ka je makarantar cocin Unguwar Ƙirya, wani ɗan ƙauye a bayan Durba, ka tambayi waɗanda suka kafa ta, sunansa ne na biyu da za a ambata bayan na marigayi Fasto Ishaya Nomau.

Abin ya faro ne shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. A lokacin firamaren da ta fi kusa tana hayin rafi, rafin kuwa da damina ba ya ragawa ɗan kowa. Ga talauci, yawancin iyaye ko rigar makaranta ba sa iya ɗinka wa yaro. Sai Fasto Ishaya ya kafa rumfar kara a jikin cocinsa ta ƙasa, ya shafa wa wani tsohon ƙyaure baƙin batir ya zama allo, ya rataye kan garma a reshen maina ya zama ƙararrawa. Bai nemi komai a hannun kowa ba. Dawar da 'yan coci suke kawowa ta godiyar kaka, da ita ake dama wa yara kunu da rana. Ƙarshen shekara kuma, kafin hutun Kirsimeti, a yanka bunsuru a dafa shinkafa, kowane yaro ya samu tsoka ɗaya.

Da yara goma sha ɗaya ya fara, duk 'ya'yan Kiristocin ƙauyen. Musulmin unguwar da Fulanin rugar gabas suka tsaya daga nesa suna kallo. Fasto ya bi su gida gida, ya yi alkawarin ba zai yi wa ɗan kowa wa'azi ba, abacada ne da lissafi kawai. Suka ce sun ji, Allah ya saka da alheri, amma ba wanda ya turo yaro. Ɗanmalam ne ya fasa masa ƙwan wata ranar kasuwa.

"Fasto, ba allonka suke tsoro ba, tukunyarka ce. Wa zai yanka abin da 'ya'yansu za su ci?"

"Kai mana," in ji Fasto. "Ko ka fi ƙarfin bunsurun coci?"

Dariya suka yi, amma maganar ta zauna. Ɗanmalam ya kai 'yarsa Bara'atu da kansa, sannan ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce wa jama'a duk naman da zai shiga tukunyar makarantar nan ta hannunsa zai bi, ya ɗauki wannan a wuyansa. Kafin kaka ta zagayo yara sun kai arba'in. Tun daga nan layi ɗaya suke tsayawa da kwanukansu, Musulmi da Kirista, Iya Rifkatu mai dafa abinci tana kwaso musu daga tukunya ɗaya.

Rumfar kara ta koma ɗakin ƙasa, ɗakin ƙasa ya koma azuzuwa shida na bulo da kwano. Bara'atu ta zama ma'aikaciyar jinya a Rano. Ranar da aka binne Fasto Ishaya, Ɗanmalam ya tsaya a waje cikin rana har aka gama, ya koma gida bai iya cin tuwo ba. Fastoci suka zo suka tafi, hedimastoci ma haka, shi dai duk shekara yana nan da hantsi a gindin maina, ya fuskantar da bunsuru gabas, ya yi bisimilla, ya gama ya yi wa Rifkatu tsiya a kan gishirinta ya tafi.

Bara waccan aka kawo sabon hedimasta, Malam Istifanus, saurayi tashin birni, mai ladabi har ya so ya yi yawa. Al'adar yankan nan ta zama jiki ga kowa a ƙauyen, shi ya sa ba wanda ya tuna ya zaunar da baƙo ya gaya masa dalilinta. Abin da ya sani kawai shi ne wani tsoho yana zuwa ya yi yanka. Ya kuma ga tsohon a kasuwa yana tsinka nama hannunsa yana rawa, tausayi ya kama shi.

Ranar bikin rufe makaranta Ɗanmalam ya iso da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, sai ya tarar da bunsuru biyu a rataye, an feɗe su tas. Rifkatu, wadda dawowarta ke nan daga niƙa, tana tsaye ta ɗora hannu a ka. Malam Istifanus ya taho da fara'arsa, hannun riga a naɗe.

"Baba, sannu da zuwa. Yau na hutar da kai, ka zauna kawai ka ci."

Ɗanmalam ya tsaya yana kallon bunsuran, wuƙarsa a hannu. Rifkatu ce ta yi wa Istifanus bayani a gaggauce, fuskar saurayin ta sauya.

"Baba, ban sani ba, ka gafarce ni. Amma na ambaci sunan Allah kafin na yanka."

"Na yarda, Malam. Sai dai ba abin da na gaya wa iyayen yara ke nan ba."

Ba ranar kasuwa ba ce balle a sayo wasu, ko da ita ce ma babu kuɗin, bunsuran nan sai da coci ta shekara tana kiwonsu. Istifanus ya yi tunani ya ce to a ɗora tukunya biyu, ɗaya da nama ta yaran coci, ɗaya babu ta sauran. Dabara ce mai kyau a ido, amma Ɗanmalam ya hango abin da ke bayanta. Yau a raba layi biyu, gobe yaro ya koma gida ya ce akwai abincinsu akwai namu, jibi uba ya ce ashe dai ba tamu ba ce makarantar. Bai san yadda zai faɗa ba, tunda ba bunsurunsa ba ne, ba kuma 'ya'yansa za a hana nama ba. Ya dubi Rifkatu, ita ma ta dube shi.

"Ni ban iya girki biyu ba," in ji ta, "kuma ba zan koya da furfura ba. A sauke naman nan a raba wa gidajen 'yan coci. Malam, aika a kawo min wake."

Haka yara ɗari da arba'in suka ci shinkafa da wake da mai da yaji, ranar da suka shekara suna jira. Wasu ƙananan sai da suka yi kuka, musamman 'ya'yan Kiristan da suka ga naman da idonsu ana fita da shi a daro. Kukan nan ya tsaya wa Ɗanmalam a rai ƙwarai. Ya karɓi kwanonsa ya zauna a cikinsu ya ci, ko tsiyar gishiri bai yi ba.

Ya san magana za ta riga shi isa, kuma za ta isa a karkace. Saboda haka da la'asar sakaliya ya ɗauki sanda ya nufi ruga, wajen Lado, dattijon da in ya ce yara su zauna a gida, yara ashirin da wani abu sun bar makaranta ke nan. Ya same shi a zaune a kan buzu. Bayan sun gaisa ya gaya masa komai, bai rage ba, bai kuma ɗora wa Istifanus laifin da ya wuce na rashin sani ba.

"Naman ya shiga tukunya?" in ji Lado.

"Bai shiga ba."

"Yaran cocin fa? Su ai halalinsu ne."

"Su ma ba su ci ba."

Lado ya shiga tonon ƙasa da tsinke. Ɗanmalam ya nisa, ya faɗi abin da ya fi komai yi masa nauyi, wanda ko a gidansa bai taɓa furtawa ba.

"Kuma yaron nan, hedimastan, bai yi ƙarya ba da ya ce in huta, Lado. Hannun ya tafi. Baɗi ban san ko zan iya yanka mai kyau ba."

Ya miƙa hannun a gabansa, yana karkarwa. Lado ya dube shi, ya kau da kai don kada ya kunyata shi.

"To, baɗi ni zan yanka, kai ka tsaya a kaina ka yi min faɗa, dama shi ka fi iyawa. Yara kuma ran da aka buɗe za su je."

Ɗanmalam ya kwance tsumman, ya ajiye wuƙar a gefen buzun, ya yi sallama da sauri. Sai da ya wuce garken shanu, ya tabbata ba mai ganinsa, sannan ya zauna a kan kunyar gona ya yi kukansa.