Farin Yadin da Na Sayo a Kibiya

A shekarun da aka kafa Shari'a a Kano, maigidana yana karatun tauhidin Kirista a Jos. Mu Hausawa ne, 'ya'yan Maguzawan da suka karɓi Almasihu, gidanmu a wani ƙauye bayan Fassi. Bincikensa a kan jana'iza yake. Yakan ce Turawan mishan sun kawo mana bishara a ƙunshe cikin al'adarsu, muka haɗiye har da ƙunshin. Yesu kansa a likkafani aka sa shi, in ji shi, ba a akwati ba.

In ya zo hutu sai ya hau keke ya bi tsofaffi har Kahu da Durba, yana tambayar yadda ake binne kakanninmu. Wani maƙwabcinmu Musulmi yakan tsokane shi: "Malam, kowa na neman na tuwo, kai kana bin kaburbura! In likkafani kake so, ga masallaci nan." Shi kuma ya ce, "Alhaji, likkafanin nan ya girme mu duka."

Ya sha gaya mini, in ya riga ni, farin ƙyalle kawai yake so, jikinsa ya taɓa ƙasa.

Motar hayar da ya shiga ta kife da su a hanyar Rano, nan ya cika. Bai gama rubutun ba.

Na aika aka sayo yadin a Kibiya. Sai ga Baba Fasto, dattijon da ya ɗaura mana aure, ya zauna a bakin ƙofata.

Ya ce, "'Yata, ba a wannan zamanin ba. In aka gan shi a likkafani, gobe za a ce ya musulunta kafin ya cika. Jibi a ce 'ya'yansa ba namu ba ne, na Musulmi ne."

Na ce, "Baba, wasiyyarsa ce."

"Na sani. Na karanta abin da ya rubuta, ban ga kuskure ba."

Yaran suna zaune a gindin rumbu, ƙaramar tana cin gyaɗa. Na daɗe ina kallonsu, sannan na ce a yi yadda Baba Fasto ya ce.

Aka sa masa kwat ɗin ƙanensa, ta ɗame shi a kafaɗa, sannan aka kwantar da shi a akwati. Maƙwabta Musulmi ne suka taya haƙa kabari, suka yi shi siriri yadda suka saba. Akwatin ya ƙi shiga. Aka ajiye shi a rana, muna tsaye, suka koma ciki da fartanya suna faɗaɗa ramin.