Dutsen Kwanar Alhaji

A unguwarmu ta Liman Abaji, duk wanda ya yi wa katangarsa sabon fenti sai ya samo ƙaton dutse ya girke a bakin titi, wai kada mota ta goge masa bango. Maƙwabcina, wani Alhaji mai shagon siminti, ya fi kowa himma. Nasa dutsen da tifa aka kawo shi, aka sauke daidai kan kwana, inda mai tahowa daga unguwar Yara ba ya ganinsa sai ya zo kansa.

Ɗana na biyu acaɓa yake yi, ta kwanar nan yake shigowa gida. Ranar da ya yi karo da dutsen, gwiwarsa ta kumbura kamar kabewa. Ya warke ya koma kan babur, dutse kuwa yana nan yana jiransa. Da na ji ƙarar babur da yamma sai in leƙa kwanar.

Na je na sami Alhaji a shagonsa.

"Alhaji, dutsen nan naka ya fara cin mutane."

"Haba Baba, dutse ai ba ya tafiya. Su ne ke zuwa su same shi."

Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, wannan zurfin ilimi ya fi ƙarfina. Na dawo na yi abin da direbobi ke yi in mota ta mutu a hanya: na karyo ganyen mangwaro na jera kafin kwanar. Kafin la'asar awakin unguwa sun cinye gargaɗin. Na shafa wa dutsen farar ƙasa, ruwan sama ya wanke.

Sai na sa farar rigata ta Juma'a, na je na zauna a kan dutsen. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, tsufan ne ya kai haka?" Na ce aikin gwamnati na samu, ni ne allon hanya.

Kullum yamma ina nan har a kira magariba. Masu babur suna hango farin abu sai su taka birki, wasu har da gaisuwa. Masu wucewa suka fara tambayar laifin da tsoho ya yi aka zaunar da shi a titi, ni kuwa sai in nuna musu ƙofar Alhaji.

Wata yamma wata motar haya ta wuce har iskarta ta ɗaga mini hula. Alhaji ya fito da sauri, ko takalmi babu.

"Baba, don Allah ka tashi. In aka buge ka a ƙofata, me zan ce wa mutanen Keffi?"

"Ka ce musu ni na zo na sami motar."

Ya ga ko motsi ban yi ba. Sai ya kira leburorin shagonsa, ya ce su zo da ƙarafa su kawar da dutsen. Ban sauka ba sai da suka zura ƙarfen farko a ƙarƙashin dutsen.