Sunan da Inna Harira Ba Ta Faɗa

Kafin a buɗe ƙofar jami'a, Inna Harira ta riga ta sauke tukunya. Da ta idar da sallar asuba take hura wuta a gidanta na Unguwar Kanawa. Wake tukuna, sannan shinkafa. Mai keke napep ya zo ya loda kulolin abinci, ita ta zauna a baya rungume da robar yaji, don ba ta yarda kowa ya riƙe mata. Rumfarta na bayan ɗakin kwanan ɗalibai maza, a gindin wata dalbejiya. 'Yan bencina ne da tebur mai gurguwar ƙafa. Haka ta yi sama da shekara ashirin. Ƙarshen wannan zangon za ta bari. Gwiwoyi sun ƙi.

Ni ban yi jami'a ba, a sakandare na tsaya. Maƙwabcinta ne ni. Abin da zan faɗa, daga bakin waɗanda suka ci a rumfar na ji shi.

'Yan jami'a suna da yarensu, kuma Inna ta iya shi tsaf. Sabon shiga jambito ne. Wanda ya faɗi kwas ya ɗauko kariyoba. Wanda bai samu gado ba ya raɓe a na wani, sikwata. In yaro ya rage murya ya ce, "Inna, widawut," ta san abinci yake so babu nama. In ya ce yau ziro-wan-ziro yake yi, wato ba karin safe ba na dare, sai ta ƙara masa ludayi guda ba tare da ta kalle shi ba. Rumfar ma ba su bar ta ba. Sanet suke ce mata, wai a nan ake yanke duk wata maganar makaranta.

Duk wannan tare da su take dariya. Abu ɗaya ne ba ta ɗauka: a rumfarta ba a zuba wa sunan tsokana abinci.

Deborah, 'yar Abakpa, yanzu malama ce a wata firamare. Ta ce a shekararta ta farko rigar fita ɗaya gare ta, sai aka sa mata Yunifom. Ran nan wata ta ɗaga murya, "Inna, a zuba wa Yunifom!"

Inna ta ajiye ludayi. "Wace ce haka? Uwarta ce ta raɗa mata?"

Ta juyo ta dubi Deborah.

"'Yar nan, yaya sunanki na gida?"

"Deborah, Mama."

"To, Dabora. Matso da kwanonki."

Deborah ta ce ba ta tuna abin da ta ci a ranar. Ta dai tuna yadda Inna ta kira sunanta.

Sai dai akwai suna ɗaya da Inna ba ta iya kamawa. Ɗanta na fari sunansa Tijjani, ita kuma mutuniyar da ce, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ko a asibiti aka tambaye ta, sai ta waiga ta nemi mai faɗa. "Yaron nan" take ce masa, har yau da yake da nasa iyalin. Don haka da aka samu ɗalibi mai wannan suna yana cin abinci wurinta, sai ya zama "mai sunan yaron nan". Kowa a rumfar ya san dalili.

Wannan Tijjanin ɗan wani malamin allo ne a Rigachikun. Ba daƙiƙi ba ne. Kwas ɗaya na lissafi ne ya riƙe masa wuya. Abokan shigarsa suka gama suka tafi bautar ƙasa, shi yana nan, yana zama aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa. Sai suka sa masa Ansesto, wato kakan kakanni. Jarrabawar da ke tafe ita ce damarsa ta ƙarshe. In ya faɗi, ko ya ƙi zama, za a sallame shi babu takarda, shekarun duk sun bi ruwa.

Wata rana ya shiga aji a makare. Wani yaro mai kaifin baki, Suhaib, ya buga tebur. "Ku miƙe! Ansesto ya iso!" Aji ya miƙe, ana tafi. Wani ya ɗauka a waya ya watsa. Kafin Juma'a bidiyon ya isa Rigachikun. Babansa bai yi faɗa ba. Tambaya kawai ya yi masa, "Me kalmar take nufi?"

Sanda mai gyaran takalmi, wanda ke zama gefen rumfar, shi ya ba ni sauran. Ranar Litinin ce da azahar, bencina cike. Sai ga Tijjani da jaka a kafaɗa, da katifa a naɗe. Ya kawo wata kula da Inna ta aika masa da kunu lokacin da ya yi zazzaɓi.

"Inna, ga kularki. Na gode."

"Ina zuwa?"

"Gida zan leƙa."

"Da katifa ake leƙa gida?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gaji, Inna. Legas zan tafi. Akwai mai sa ni aikin gini."

"Jarrabawar fa?"

"Ta ci kanta."

Ya juya. Ta ce, "Kai, ɗan nan." Bai tsaya ba. Ta ce, "Mai sunan yaron nan!" Bai waiga ba. Daga kan benci Suhaib ya jefo, "Ansesto zai koma wurin magabata!" Wasu suka ƙyalƙyale. Tijjani ya ƙara sauri, har ya kusa kwanar masallaci.

Inna ta dafa tebur ta miƙe.

"Tijjani!"

Sanda ya ce allurar hannunsa sai da ta faɗi. Masu cokali suka tsaya da shi a baki. Ita kanta ta ja bakin mayafi ta rufe bakinta, kamar wadda ta yi saɓo. Tijjani ya tsaya cak.

"Ajiye katifar nan," ta ce. "Sunan da ban taɓa kiran wanda na haifa da shi ba, yau na kira ka da shi a gaban jama'a. In za ka iya tafiya a haka, tafi."

Bai iya ba. Ya dawo ya jingine katifar jikin dalbejiya.

Sannan ta juya ga Suhaib. "Kai kuma, Suhaib, taso."

"Inna, ni fa wasa nake."

"Wasan da ya sa mutum naɗe katifa? Zauna nan."

Ta zuba musu garau-garau a faranti ɗaya, ta hana su cokali. Suka ci kamar masu zaman makoki. Tana tsaye a kansu ta ce, "An ce kai ne ƙwaron lissafi a ajin. To, daga yau kai da shi a bencin nan kullum bayan la'asar, kana koya masa. Wanda ya ƙi zuwa, kada ya sake kawo min kwano."

Suka zo. Da farko ba mai kallon wani. Daga baya har musu ake jiyowa.

Tijjani ya zauna jarrabawa. Ba wani babban maki ya ci ba, ya dai haye. Sunan Ansesto ma bai mutu nan take ba, har ya bar makarantar akwai masu faɗa a bayan idonsa. Amma ba a Sanet ba.

Watan jiya ya zo gaishe ta cikin kakin bautar ƙasa. Yara suka dinga zuga ta, "Inna, sake kiransa mu ji! Sau ɗaya kacal!"

Ta watsa musu daƙuwa. "Ungo naku, ja'irai. Mai sunan yaron nan, zauna ka ci, ƙyale su."

Inna Harira, uwar marasa gado, ke ce kika gane cewa ba yunwar ciki kaɗai ke korar yaro daga makaranta ba. Ba ki hana su yarensu ba, ba ki yi wa kowa wa'azi ba. Kin dai ja layi a bakin tukunyarki, kika tsaya a kansa. Da ta kai ta kawo, kunyar da kika riƙe tun ƙuruciya kika ajiye saboda ɗan wata. Ba za a yi miki taron sallama ba, kuma sunanki ba ya cikin ma'aikata. Mu dai mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya huta gajiyarki, ya sa 'ya'yanki su riƙe ki yadda kika riƙe na mutane.

Saura mu. A aji, a gareji, a majalisar unguwa, akwai wanda muke kira da sunan da ba ya so, yana taya mu dariya don ba shi da yadda zai yi. Kowa ya san nasa. Kada mu jira sai mun gan shi da katifa a kafaɗa.