Darasin da Na Ba Injiniya a Lusail

Ko zan manta da komai na zamana a Doha, ban da wata la'asar a Lusail, can gefen birnin, ranar da abokina ya zo gaya mini ciwon da zai zama ajalinsa, ni kuwa na hau koya masa Jamusanci.

Injiniya ne, tare muka taso a Zariya. Ni malamin harshe ne, irin waɗanda in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogo. Shi ya kira ni, ya ce akwai magana. Muka zauna a wani gidan shayi, aka kawo masa wani gashi mai ɓawon fulawa, cikinsa ƙwai da madara da cuku, ba sukari. Kish ake ce masa. Ya yi ta juya cokali, bai kai baki ba.

"Malam, wai wannan sunan daga ina ya samo asali?"

Bahaushe ba ya shiga babbar magana kai tsaye, sai ya ɗan yi kewaye. Na san haka, har a aji ina koyar da shi. Amma an sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na gyara zama na ce Faransanci ne, daga wani yanki da ke iyaka da Jamus, su ma aro suka yi daga kalmar Jamusawa ta kek. Na ce na asali da naman alade ake yi, wannan na Doha ne ya musulunta aka sa masa alayyafo. Ya yi dariya har da tari, ni kuma na ɗauka an ce in ƙara. Ban tsaya ba sai da aka kira magariba.

"To, maganar fa?" na ce, muna miƙewa.

"Khalas, Malam, a bar ta. Wata rana."

Mako guda bayan nan ya tafi gida hutu. Wata biyu aka yi, aka bugo mini rasuwarsa.

Da na je ta'aziyya, matarsa ta ce, "Ranar da kuka haɗu ɗin nan, da takardar asibiti a aljihu ya fita, zai ba ka amanar yara. Da ya dawo na tambaye shi, sai ya ce, 'Malam yana cikin nishaɗi, ban so in ɓata masa ba.'"

Yaran suna hannuna yanzu, amma ba daga bakinsa na karɓe su ba. Tun daga nan, in mutum ya ce akwai magana sannan ya yi mini ƙaramar tambaya, nakan amsa a taƙaice, in kama bakina, in jira.