Don Chemo, Mai Tayar da Matattun Injina

Ƙarfe shida na safe Anselmo Urquides yake ajiye tsohuwar motarsa a gindin babbar rumfar kwanon da ke bayan garinmu, a kudancin Arizona. Don Chemo muke ce masa. Injina dubu biyu ke haƙar kuɗin intanet na kirifto a cikin rumfar, fankokinsu na ruri, ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba. Shi ne mai gyaransu. Da rana yakan zauna a inuwar motar ya ci waken da ya dafo da hannunsa, shi kaɗai.

Kafin wannan aiki, shekara goma sha tara ya yi a mahaƙar jan ƙarfen garin nan. Lokacin tsohon yajin aiki matarsa Herminia tana kwance asibiti, in bai koma aiki ba kamfani zai yanke kuɗin magani. Sai ya koma. Herminia ba ta tashi ba, abokansa kuma suka ɗauke masa gaisuwa. Ko a coci ba mai zama bencinsa.

Bara aka sake shiga yajin aiki a mahaƙar, wata biyar cur. Jan ƙarfe ya yi wuya, waya ta yi tsada, sabon inji kuwa sai kallo. Darlene Pruitt, mai rumfar, ta jawo Don Chemo waje inda za su ji juna.

"Chemo, kayan gyara sun fi ƙarfina. Zan kashe rabin injinan, mutum bakwai su tafi gida."

"Ba ni mabuɗin ɗakin matattun injina," in ji shi.

"Bolar nan? Me za ka tsinta a ciki, tsoho?"

"Ke dai ba ni."

Ma'aikatan sun ga abin da ya biyo baya. Yana farke ƙonannun injina, ya zaro waya, ya kankare, ya sake naɗawa, ya haɗa matattu uku su ba shi rayayye ɗaya. Yatsunsa duk suka tsattsage. Har yajin ya ƙare ba a sallami kowa ba.

Wata rana Travis, mai kula da wutar rumfar, ya ce masa, "Mutanenka sun kashe mu, Don Chemo. Su koma rami mana!"

"Ka taɓa shaƙar ƙurar ramin nan?"

"A'a."

"To ja bakinka."

Kowace Asabar kuma sai ya loda jarkokin ruwa da ƙanƙara ya kai ƙofar mahaƙar, inda masu yajin ke tsaye cikin rana, ya ajiye, ya ja baya. Rogelio Bracamonte, wanda ya yi masa babban aboki ranar aurensa, ya dubi jarkokin ya ce, "Ruwan maci amana ne, a zubar." Aka zubar a gabansa. Asabar ta gaba ya sake kawowa. A ta huɗu aka fara sha. Ranar da aka janye yajin, Rogelio ya taɓa bakin hularsa daga nesa, alamar gaisuwa. Iyakarta ke nan, bai tako gidansa ba.

Kai ne ka tsare abincin mutum bakwai da yatsunka, Don Chemo. Kai ne ka tsaya wa mutanen da suka daina kiran sunanka, ba ka kuma jira godiyarsu ba. Haziƙin makaniki, mai haƙurin da ba ya talla.

Juma'ar nan zai ajiye aiki, yana da shekara sittin da takwas. Ni ma ina cikin masu tsallaka titi don kada mu haɗu da shi, haka na taso na ga mahaifina yana yi. Mun gode, Don Chemo, ka yafe mana.

Jama'a, a yi koyi da wannan bawan Allah. Kafin nan, gidansa ne na ƙarshe a layin coci, mai shuɗiyar ƙofa. Ku je ku ƙwanƙwasa tun yana iya tasowa ya buɗe da kansa.